Tallafin ƙaramar hukuma a Ingila kan fentin bango da fitinar unguwa: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayoyin nan na tattaro su ne daga mutanenmu mazauna Ingila, wasu a guruf aka yi su wasu a bakin masallaci bayan Juma'a, kuma duk a kan abu guda suke yawo: masu fesa fenti a bangon mutane, hayaniyar dare, taron da ke hana mata da tsofaffi bi ta lungu, sai kuma kuɗin da ƙananan hukumomi ke warewa don maganin abin. Dokokin da zan ambata na Ingila ne, yawancinsu har Wales suna aiki, Scotland kuwa tsarinta daban.

Wai da gaske hukuma na ba mutanen unguwa kuɗi don su goge fenti a bango?

Da gaske ne, kuma ba bashi bane, ba a biya. Sai dai kar mutum ya sa ran miliyoyi. Yawanci daga fam ɗari biyu-uku ne zuwa 'yan dubbai kaɗan, kuma ba a aljihunka za a zuba ba, asusun ƙungiya ake turawa, a ce ga abin da za ku yi da shi, ku kawo rasit daga baya. Kowace ƙaramar hukuma da sunan da take kiran nata, wata a ƙarƙashin tsaron al'umma take sa shi, wata a ƙarƙashin tsaftar unguwa, wata kuma kansilolin kowace mazaɓa take ba wani ɗan kaso su raba wa ƙungiyoyin yankinsu.

Abin da ke damuna shi ne mu muna biyan harajin gida duk wata kamar kowa, amma in aka fitar da sunayen ƙungiyoyin da suka samu da wuya ka ga tamu a ciki, ba don an hana mu ba, ba mu nema ne kawai.

Su kuma daga ina suke samo kuɗin?

Hanyoyin da yawa. Akwai kasafin hukumar ita kanta. Akwai na Kwamishinan 'Yan Sanda da Laifuka, wanda ake zaɓa tun 2012, a Landan da Manchester magajin gari ne ke riƙe da wannan aikin, su ma suna da ƙananan tallafi, wani ma daga dukiyar da aka ƙwace hannun masu laifi yake fitowa ƙarƙashin dokar 2002. An kuma yi Safer Streets Fund na ma'aikatar cikin gida da aka fara a 2020 da fam miliyan 25, zagayensa na huɗu a 2022 ya kai miliyan 50 kuma an sa fitinar unguwa a ciki, da shi aka sa fitilun titi da kyamarori da ƙofofin ƙarfe a bakin lunguna a garuruwa da dama. Irin wannan babba ne, hukumomi ne ke nemansa, ku naku shi ne ku matsa wa kansilanku ya sa layinku a lissafi.

Sai wanda mutane ba su cika sani ba. In kamfani zai gina sababbin gidaje a yanki, a wurare da yawa akwai harajin da yake biya, ana ce masa CIL, kuma kashi 15 cikin ɗari na unguwar da aka yi ginin ne, in unguwar na da rubutaccen tsarin ci gabanta ya koma kashi 25. Idan kuna ganin dogayen gine-gine na tashi kusa da ku to ku tambaya ina kason unguwa ya shiga.

Me doka ke ɗauka a matsayin fitina? Yaran maƙwabcina na buga ƙwallo a layi har magariba, shi ma ya shiga?

A'a Hajiya, wasan yara da rana bai shiga ba, haka kukan jariri ko ƙamshin girki ko biki na rana ɗaya. Dokar 2014 cewa ta yi halin da ke jawo wa wani tsangwama ko firgici ko ƙunci, ko wanda ke hana mutum jin daɗin zama a gidansa. Kiɗa mai ƙarfi kullum tsakar dare, shaye-shaye a matakalar bene, zagin masu wucewa, babura a kan hanyar ƙafa, zubar da tsohuwar katifa a lungu, fasa gilashin tashar bas, fesa fenti. Har da 'yan ƙananan gwangwanayen azurfa da kuke gani zube a bakin titi, na iskar da yara ke shaƙa ta balan-balan, tun Nuwamban 2023 mallakarta don shaƙa laifi ne.

Da can ASBO ake ji, wato umarnin kotu na hana mutum fitina, wanda dokar 1998 ta kawo zamanin Tony Blair. An soke shi a Ingila, dokar 2014 ta maye gurbinsa da wasu takardu, akwai wadda ake ba mutum ɗaya a ce ya daina abu kaza, akwai wadda ake ɗora wa wuri gaba ɗaya kamar filin shaƙatawa a ce ba shan giya a nan har tsawon shekara uku.

Fenti ne fa kawai. Ga mutane na fama da kuɗin haya da na wuta, me ya sa za a kashe kuɗi a bango?

Tambayar tana da nauyi kuma ba zan raina ta ba. Amma bango mai datti ba a bango yake tsayawa ba. A 2008 wasu masu bincike a garin Groningen na ƙasar Holan sun yi gwaji a wani lungu da ake ajiye kekuna, suka rataya takardar talla a hannun kowane keke, babu kwandon shara a wurin. Lokacin da bangon ke da tsafta kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar a ƙasa. Da aka ɓata bangon da fenti sai ya koma kashi 69. Sun kuma bar ambulan mai kuɗi yuro biyar a bakin akwatin wasiƙa yadda kowa zai gani, masu ɗaukewa suka ninka daga kashi 13 zuwa 27 da aka ɓata akwatin. Wato mutum in ya ga alamar ba mai kula da wuri, shi ma sai ya saki jiki.

A New York ma jiragen ƙarƙashin ƙasa sun taɓa rufewa da fenti ciki da waje, daga 1984 aka kafa ƙa'ida cewa taragon da aka ɓata ba zai fita aiki ba sai an wanke shi, zuwa 1989 aka gama da abin. Dalilin mai sauƙi ne, mai fesawa so yake a ga sunansa yana yawo, in ba a gani ba ya yi asarar fentinsa.

Sai dai fa a yi hattara. Wannan tunanin, wanda masana biyu na Amurka, Wilson da Kelling, suka yaɗa a 1982, an yi amfani da shi a Amurka aka riƙa tare yaran baƙaƙe a titi ana caje su kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni gyaran wuri nake goyon baya, ba farautar yara ba, kuma duk ƙungiyar da za ta nemi kuɗin nan ya kamata ta san bambancin tun kafin ta cika fom.

Ni kaɗai zan iya nema?

Kusan ko'ina a'a. Ƙungiya ake so, amma ba dole sai mai rajista ba. Abin da aka saba tambaya: rubutaccen tsarin mulki ko da shafi biyu ne, kwamiti na aƙalla mutum uku da ba dangin juna ba, asusun banki da sunan ƙungiyar mai sa hannun mutum biyu waɗanda ba gida ɗaya suke ba. Nan ne muke yawan tuntuɓe, don sai ka ga ciyaman da ma'aji wa da ƙani ne, ko miji da mata. Ba za su karɓa ba.

In za ku yi aiki da yara sai kun kawo takardar tsarin kare yara, manyan da za su kula da su kuma a yi musu binciken DBS, wato duba tarihinsu ko sun taɓa yin laifi. Sai inshora ko da wani ya faɗo daga tsani. Buɗe asusun ƙungiya na iya cin makonni, don haka ku fara da shi. In ba ku da ko ɗaya, kusan kowane gari akwai ofishin da ke taimaka wa ƙungiyoyin sa kai, wasu CVS ake kiransu, suna duba fom kyauta, wani lokaci ma wata ƙungiya mai rajista kan riƙe muku kuɗin a asusunta.

Ƙungiyar masallaci ce tamu, za su ba mu?

Suna bayarwa, muddin aikin na kowa da kowa ne a unguwar. Ba za su biya kuɗin wa'azi ko islamiyya ba, haka coci ma ba za a biya mata nata ba. Amma ku ce za ku gyara lungun bayan masallaci, ko ku buɗe zauren ƙasa ranar Juma'a da dare yaran layi su zo ko wane addini suke, wannan ya shiga.

Me za mu rubuta a fom ɗin ya karɓu?

Ku bar dogon Turanci. Wanda zai karanta yana da tarin fom a gabansa, so yake ya ga wane bango, a wane layi, tun yaushe, wa abin ke cutarwa. Ku ɗauki hoto da kwanan wata. Duk sanda kuka kai rahoto ta 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba gaggawa ba, ko ta shafin hukuma ko shafin kai rahoto na FixMyStreet, ku adana lambar da aka ba ku, waɗannan lambobin su ne shaidarku, unguwar da ba ta kai rahoto a takardar hukuma lafiyarta lau ko da kuwa mutanenta ba sa barci. Ku zaga gida-gida ku karɓi sa hannun maƙwabta, Turawa da 'yan Pakistan da 'yan Somaliya da 'yan Poland duka, kar ya zama takardar Hausawa zalla. In ɗan sandan unguwa ko kansila zai rubuta muku layi biyu na goyon baya, ya ƙara nauyi sosai.

Wajen kuɗi ku rubuta komai dalla-dalla, fenti lita kaza fam kaza, rola, buroshi, safar hannu, hayar injin wanki, ku haɗa da farashin da kuka samo daga shago. Ku faɗi awannin da 'yan sa kai za su bayar, don ana lissafa shi a matsayin gudummawarku. Kuma ku amsa tambayar da kullum suke yi: in kuɗin ya ƙare wa zai ci gaba da kula da wurin?

Abu ɗaya da ba a yafewa, kar ku sayi komai kafin a amince. Abin da aka riga aka kashe ba a mayarwa.

Malam, an ce wani tallafin kuɗin caca ne. Ya gaskiyar abin?

Gaskiya ne ga wani, ba duka ba. National Lottery Community Fund daga cinikin tikitin caca kuɗinsa ke fitowa, shirinsu na Awards for All yana ba da daga fam 300 zuwa 20,000, kuma shi ne mutane za su fara nuna muku don yana da sauƙin nema. Ƙungiyoyin musulmi da yawa ba sa taɓa shi, wasu kuma suna da fahimta daban in aikin na amfanin jama'a ne. Wannan ku kai wa malamanku, ba ni zan yanke ba. Abin da zan ce shi ne ku tattauna tun farko a kwamiti kar sai kuɗi ya shigo rigima ta tashi. Na kansila da na kwamishinan 'yan sanda da na CIL ba ruwansu da caca. In kuna shakka ku tambayi jami'in kai tsaye daga ina kuɗin yake, ba abin kunya bane, sun saba jin tambayar.

An ɓata ƙofar shagona. Wa zai goge, ni ko hukuma?

Alhaji a ƙa'ida kai ne. Hukuma nata gine-ginen take gogewa, da allunan titi da bencina da filayen wasa. Wasu hukumomin na goge wa masu gida da ƙananan shaguna kyauta ko da rangwame in abin na kallon titi, bayan ka sa hannu cewa ba za ka kama su da laifi ba in bango ya canza kala, wasu kuma kayan gogewa suke rabawa. Gadar jirgin ƙasa ta Network Rail ce, koren akwatin waya na bakin titi na kamfanin sadarwa ne, kowa da nasa, shi ya sa wani lokaci za ka ga an wanke bango an bar akwatin da ke jikinsa. Kuma ka sani in ka bar fentin ya daɗe har ya zama abin damuwa ga unguwa, hukuma na iya rubuto maka ta ce ka cire. Masu shaguna a layi ɗaya in suka haɗu suka nema tare sun fi samun shiga.

Mu da kanmu za mu iya gogewa ko sai ƙwararru?

Ya danganta da bangon. Ƙarfe da gilashi da bango mai santsi ba wuya, a shafa maganin a ɗan jira a goge da tsumma. Jan bulo ne matsala, don yana shan fenti. A wani aikin gayya da muka yi ranar Asabar a bayan wasu shaguna, an shafa maganin mai kauri kamar kunu aka bar shi ya jiƙa, muka bi da buroshi mai tauri, baƙin fentin ya riƙa narkewa yana gangarowa ta layin siminti, yara biyu na riƙe da bokiti wata dattijuwa Baturiya ta fito mana da shayi a faranti, da aka wanke da ruwa sai ga inuwar haruffan nan daram a jikin bulon, sai da aka maimaita bayan ya bushe kafin ta dushe. Injin ruwa mai ƙarfi kuma in aka matsa shi kusa yana cinye fuskar bulon, ya bar tabon da ya fi fentin muni.

In bangon dama mai fenti ne, a sake shafe shi duka da kala ɗaya, kar a yi faci mai kusurwa huɗu da wata kala, wannan kamar an shirya musu allo ne. Akwai man kariya da ake shafawa bayan an gama, wani mai kakin zuma ne da ke tafiya tare da fentin in an wanke da ruwan zafi sai a sake shafawa, wani kuma na dindindin. Ku sa kuɗinsa a fom. Safar hannu da tabarau dole ne, kuma ruwan wankin kar ya bi magudanar titi. Tsohon gini mai tarihi, ko wuri mai tsayi, ko kusa da layin dogo, ku bar wa masu aikin.

Sirrin dai sauri ne. In aka goge cikin kwana ɗaya biyu, aka dawo aka sake gogewa, yawanci suna gajiya. Don haka ku ajiye ragowar fenti a gidan wani na kusa.

Zagin addini aka rubuta a bangon masallacinmu.

Wannan ba maganar jiran tallafi bace. Ku ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa, ku kira 101, in masu yin suna wurin ku kira lambar gaggawa 999, ku faɗa musu a fili cewa laifin ƙiyayya ne don a rubuta shi a haka. Ɓarnar da aka yi saboda ƙin addini ko launin fata hukuncinta na iya kaiwa shekara 14. Yawancin hukumomi na cire irin wannan rubutun cikin awa 24 ko ranar aiki ɗaya. Na san zuciya ba ta son a bar shi ko na minti ɗaya yara su gani, to a rufe da zani ko kwali har 'yan sanda su gani. Akwai kuma shirin ma'aikatar cikin gida na tsaron masallatai mai ba da kyamara da ƙararrawa da shinge, daban yake da na ƙaramar hukuma.

Ɗana aka kama da gwangwanin fenti. Me zai same shi?

Allah ya shirya mana su baki ɗaya. A Ingila daga shekara 10 yaro na ɗaukar laifinsa. Fesa fenti a kayan wani ɓarna ce ƙarƙashin dokar 1971, in ɓarnar ba ta kai fam 5,000 ba babba na iya samun wata uku a gidan yari ko tarar da ta kai fam 2,500, in ta wuce haka har shekara 10 doka ta yarda. Akwai kuma tarar nan take, wadda aka ɗaga iyakarta daga fam 150 zuwa 500 a 2023. Yaro a karon farko yawanci ba a kai shi can, ana haɗa shi da ma'aikatan kula da matasa masu laifi, ya ba da haƙuri, ya gyara abin da ya ɓata. In aka je kotu kuma yaron bai kai 16 ba, iyaye ake sa wa biyan tara da diyya.

Kar ki bari a yi masa tambayoyi ba babba a wurin, kuma lauya a ofishin 'yan sanda kyauta ne, ki nema. Dalilin da ya sa nake nanatawa, mu da yawanmu muna kan hanyar neman takardar zama ɗan ƙasa, kuma sharaɗin kyawun hali na hawa kan duk wanda ya kai shekara 10. Sannan ki bincika wa ya sayar masa, don dokar 2003 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 16 fentin fesawa.

Mun kai ƙara har mun gaji, ba abin da aka yi.

Akwai haƙƙin da doka ta ba ku wanda da yawa ba su san da shi ba, ana ce masa ASB Case Review, da can Community Trigger. In kun kai rahoto sau uku cikin wata shida kan matsala ɗaya, kuna iya neman a zauna, hukuma da 'yan sanda da masu gidajen haya su duba me aka yi me ba a yi ba, su ba ku amsa. Wani ma na iya nema a madadinku in kun yarda. Ku riƙa kai rahoton da wuri, cikin wata ɗaya da faruwar abin, in ba haka ba ba zai shiga lissafi ba.

Ba haka kawai aka kawo shi ba. A 2007 a Leicestershire wata uwa ta halaka kanta da 'yarta mai naƙasa bayan shekaru yaran layi na addabarsu, ta kira 'yan sanda fiye da sau 30 ana ɗaukar kowane kira a matsayin ƙaramin abu. Duk sanda na tuna sai jikina ya yi sanyi, don a layinmu ma akwai irin waɗannan gidajen, tsohuwa ita kaɗai ko mai yaro mara lafiya, waɗanda ba za su taɓa zuwa taro su yi magana ba. Ku ƙwanƙwasa musu ƙofa.

In kuɗin kaɗan ne, kyamara za mu nema ko me?

Kowa kyamara yake fara cewa. Tana da amfani a wurin ajiye motoci da bakin shaguna, amma tana da tsada, tana son mai kallo da mai gyara, akwai dokar kare bayanan mutane a kanta, yaro kuma ya ja hular rigarsa ya rufe fuska ko ya koma layi na gaba. Fitila mai haske da datse shuke-shuken da suka rufe lungu da ƙofar ƙarfe mai makulli a hannun mazauna sun fi araha kuma ana ganin aikinsu nan da nan.

Amma in ni za a tambaya, rabin kuɗin a kan yaran ya kamata ya tafi. Binciken da ƙungiyar matasa ta YMCA ta fitar a 2020 ya nuna kuɗin da ƙananan hukumomin Ingila da Wales ke kashewa kan ayyukan matasa ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tun 2010, an rufe ɗaruruwan cibiyoyin matasa. To yaro ɗan sha huɗu, gida ɗaki biyu da ƙanne huɗu, uba na aikin dare uwa ta gaji, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi a lokacin sanyi, ina zai je? Matakalar bene zai zauna da abokansa, mu kuma mu kira shi ɗan iska. Ba ina wanke mai laifi bane, wanda ya tsorata tsohuwa a ƙofar gidanta a hukunta shi. Amma hayar filin ƙwallo na awa biyu duk Juma'a da dare, ko kocin dambe, ko ɗaki mai ɗumi da abinci da babba ɗaya da yaran ke jin nauyinsa, kuɗinsa bai kai na kyamara ɗaya ba, kuma masu ba da tallafin suna son irin wannan in an rubuta shi da kyau. Ku sa yaran a cikin shirin tun daga farko, ku tambaye su wace rana, wane wuri. Kuma a tuna da 'yan mata, kusan kullum ƙwallon maza ake shiryawa a manta da su.

Wajen aikin ƙarfi kuma akwai Community Payback, manyan da kotu ta yanke wa aikin awa 40 zuwa 300 ba biya, masu rigar lemo, kowa na iya ba da sunan wurin da yake so su zo su gyara, kyauta.

To ya ake biyan wasu su yi zane a bango alhali ana kama wasu?

Izini ne bambancin. In mai bango ya yarda, ba laifi. Hukumomi da yawa na biyan mai zane ya yi aiki da yaran unguwa a bangon da ya addabi kowa, don masu fesa sunansu a bango ba su cika taɓa zanen da aka yi da kyau ba, balle in ƙannensu ne suka yi. A Landan akwai ramin Leake Street kusa da tashar Waterloo, tun 2008 aka bar shi kowa ya yi zanensa, a Bristol kuma har biki ake yi na zanen bango, Upfest. In za ku yi, ku samu izinin mai bangon a rubuce, ku nuna wa maƙwabta zanen kafin a fara. Wanda ba ya son hoton mutum ko dabba a bangon layinsu ya faɗa a taron, furanni da zanen ado da sunan unguwa duk suna yi.

An ce hukumarmu ta talauce, akwai sauran tallafi kuwa?

Birmingham ta ayyana a Satumban 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, Nottingham ta biyo baya a Nuwamba, Croydon tun 2020. A irin wannan hali ƙananan tallafi ne ake fara yankewa. Amma na kwamishinan 'yan sanda daban yake, haka kamfanonin gidajen haya na jama'a na da nasu na mazauna, manyan kantuna ma na ba da 'yan ɗaruruwa, akwai kuma gidauniyar al'umma a kusan kowane yanki. Shekarar kuɗin hukuma daga Afrilu take farawa ta ƙare a Maris, don haka ku fara tambaya tun bazara, ku sake leƙawa wajen Janairu ko akwai ragowar da ake son kashewa.

Mun samu. Sai me?

Kowane rasit a ajiye, ko na buroshin fam biyu ne. Hoto kafin aiki da bayansa, sunayen waɗanda suka zo, hoton yara sai da izinin iyaye. In kuna son canza abin da za ku saya ku rubuta ku nemi izini tukuna, abin da ya rage a mayar. Ku karanta wa mambobi lissafin a taro ko ba su tambaya ba. Ƙungiyar da ta kawo rahotonta a kan lokaci ita ake fara tunawa a zagaye na gaba.

An ƙi mu fa?

Ku rubuta ku tambayi dalili, yawanci suna faɗa, kuma sau da yawa takarda ɗaya ce ta ɓace ko kuɗin zagayen ne ya ƙare. Ku gyara ku sake turawa. Kafin nan ku je zaman da kansilan mazaɓarku ke yi da jama'a, ranar da wurin na shafin hukumar, ku tafi mutum uku-huɗu da hotunan a waya da lambobin rahoton, ku nemi a ba ku fenti da kayan gogewa ku fara da bango ɗaya.